RUWA MA YANA DA SAWU: Yadda Ake Farautar Jiragen Ƙarƙashin Teku

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2009 wani abin mamaki ya auku can a ƙarƙashin Tekun Atlantika. Jiragen yaƙi biyu masu nutso, ɗaya na Ingila mai suna Vanguard, ɗaya kuma na Faransa mai suna Le Triomphant, suka yi karo da juna. Na Ingila tsawonsa mita 150 ne, na Faransa mita 138, kuma an gina kowannensu don ya ɗauki makamai masu linzami guda 16 masu kan nukiliya. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, makaman kuma ba su fashe ba. Da farko ma hukumomin Faransa cewa suka yi jirginsu ya bugi wani abu a cikin ruwa, watakila kwantenar kaya ce da ta faɗo daga wani jirgi. Sai daga baya gaskiya ta fito.

Abin lura a nan shi ne, jiragen nan biyu suna ɗauke da na'urorin sauraro waɗanda da wuya a sami irinsu a duniya, amma duk da haka ba wanda ya ji motsin ɗan'uwansa har suka gwabza. Watau jiragen zamani sun koyi yin shiru har kunne ya fara kasawa. Saboda haka ne manyan ƙasashe suka koma ga wata tsohuwar dabara wadda kowane maharbi da kowane makiyayi ya sani: in ba ka ga dabba ba, ba ka kuma ji kukanta ba, to ka nemi sawunta.

DALILIN ƁUYA

Kafin mai karatu ya gane muhimmancin wannan farauta, sai ya san abin da ya sa ake ɓuyar. A shekarar 1955 jirgin Amurka mai suna Nautilus ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya. Jirage masu nutso na da, masu aiki da man dizal, tilas ne su riƙa tasowa kusa da saman ruwa su shaƙi iska su cika batir. Mai aiki da nukiliya kuwa yana iya yin watanni a ƙasa, ruwan sha da iskar shaƙa duk daga ruwan teku yake tace su, abinci kaɗai ke komo da shi gida. A watan Yuli na 1960 wani jirgin Amurka mai suna George Washington ya harba makami mai linzami daga ƙarƙashin ruwa. Tun daga ranar lissafin yaƙi ya sake.

Makamin da ke cikin rami a tudu an san inda yake, abokin gaba yana iya yi masa sammako ya farfasa shi. Haka ma jirgin sama da ke fake a filinsa. Amma jirgin da ya nutse ya ɓace cikin teku ba mai sanin inda zai auna shi. Ko da an share ƙasarsa kaf cikin dare ɗaya, shi yana nan da ransa, zai rama. Wannan tsoron ramuwa shi ne takunkumin da ya hana manyan ƙasashe far wa juna da makaman ƙare dangi. Kar ta san kar ke nan.

Ƙasashe 6 ne ke da jirage masu nutso masu aiki da nukiliya: Amurka, da Rasha, da Ingila, da Faransa, da Sin, da Indiya. Amurka tana da guda 14 na samfurin Ohio masu ɗaukar makaman nukiliya, kowanne tsawonsa mita 170. Ingila kuwa tun shekarar 1998 ta tattara dukkan makamanta na nukiliya ta zuba cikin jirage 4, kuma tun watan Afrilu na 1969 ba a taɓa wayar gari ba tare da ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage nata yana sintiri a teku ba.

ZAMANIN KUNNE

Haske ba ya nisa cikin ruwa. Da an wuce zurfin mita 200 sai duhu ya fara rufewa. Saƙon rediyo ma haka. Ƙara ce kaɗai ke da gudu da nisa, gama tana cin kamar mita 1,500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa, watau ya fi ninki huɗu na gudunta cikin iska. Don haka tun Yaƙin Duniya na Farko aka dogara ga na'urar da ake kira sona. Iri biyu ce. Akwai mai yin ƙara ta jira amsa-kuwwa, amma wannan kamar mai kunna tocila ne cikin dare, kafin ya ga ɓarawo ɓarawo ya gan shi. Akwai kuma mai kasa kunne kurum.

A wajen kasa kunne Amurka ta yi wa Tarayyar Sobiyet fintinkau. Tun cikin shekarun 1950 ta shimfiɗa jerin na'urorin sauraro a gindin teku, ta haɗa su da waya zuwa tasoshi a gaɓa. Sunan shirin SOSUS, kuma ba a fasa ƙwan asirinsa a hukumance ba sai a 1991. Jiragen Rasha na farko masu hayaniya ne ƙwarai, ana jin su daga nesa mai yawa.

Daga baya Rashawa suka farga. Wani jami'in mayaƙan ruwan Amurka mai suna John Walker ya yi shekara kusan 18 yana sayar musu da asirai kafin a kama shi a 1985. Har ila yau a 1987 aka tono cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan, da haɗin bakin kamfanin Kongsberg na Norwe, sun sayar wa Rasha injunan sassaƙa ƙarfe waɗanda ke iya gyara farfelar jirgi ta yi sumul ta rage ƙara. Fushin da abin ya jawo har ya sa waɗansu 'yan majalisar Amurka suka farfasa rediyon Toshiba da guduma a harabar majalisa. Amma aikin gama ya gama. Jiragen ɓangarorin biyu suka yi ta ƙara yin shiru, har aka kai ga irin karon nan na 2009.

SAWU IRI-IRI

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan Gadar Kata a Ikko, ko ya shiga jirgin fito daga Marina zuwa Apapa, ya ga yadda jirgi ke barin layi biyu a bayansa suna buɗewa kamar bakin almakashi, da farin kumfa a tsakiya. Wani masanin Ingila, Lord Kelvin, ya yi lissafin wannan a 1887, ya nuna cewa a ruwa mai zurfi buɗewar layukan nan kamar digiri 39 ce, ko agwagwa ce ke iyo ko babban jirgin dakon kaya. Jirgi mai nutso ma yana da nasa sawun, sai dai ido ba ya ganinsa. Masana sun kasa shi kashi-kashi.

Na farko shi ne motsin saman ruwa. Ƙaton jirgi mai nauyin tan dubbai in yana tafiya sai ya ture ruwa, ruwan da ke bisa kansa ya ɗan yi tozo, a bayansa kuma a sami ɗan raƙumin ruwa irin na Kelvin. In jirgin yana kusa da sama yana kuma gudu, alamar takan fito. In ya yi zurfi ya rage gudu, sai ta kusa ɓacewa.

Na biyu shi ne damuwar da farfela ke yi wa ruwa. Yadda muciya ke barin tukunya tana juyi bayan an ɗaga ta, haka ruwan bayan jirgi ke ci gaba da murɗawa bayan jirgin ya daɗe da wucewa.

Na uku ya fi wuyar ganewa. Ruwan teku hawa-hawa yake. Mai ɗumi yana sama, mai sanyi da nauyin gishiri yana ƙasa, kamar yadda man ja ke kwanciya bisa miya. In jirgi ya keta tsakanin hawayen nan sai ya ta da igiyoyin ruwa na ciki, masu tafiya sannu a hankali, waɗanda ke iya sauya kamannin 'yan ƙananan tsattsagin da ke fuskar teku.

Na huɗu zafi ne. Tukunyar nukiliya da ruwan teku ake sanyaya injunanta, ruwan kuwa yakan fita da ɗumi ya bi bayan jirgin.

Na biyar shi ne abin da jikin jirgin ke zubarwa. Akan manna masa dunƙulen tutiya don gishiri ya ci su maimakon ya ci ƙarfen jirgin, to burbushinta yana narkewa cikin ruwa. Injin da ke raba ruwa don samar wa ma'aikata iskar shaƙa yana zubar da iskar haidurojin. Bututun ruwa ma suna sakin ɗan ƙarfen nikel.

Daɗin daɗawa akwai waɗansu ƙananan halittun teku masu walƙiya kamar makyallu in an dame su cikin dare, sai su haska hanyar da jirgi ya bi. Kuma da yake ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, in ya motsa cikin ƙarfin maganaɗisun duniya yakan haifar da wata 'yar alama ta maganaɗisu wadda na'ura mai tsananin kaifi za ta iya ji.

DABARAR RASHAWA

Bin sawu a teku ba yau aka fara ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen saman sintiri na Ingila samfurin Shackleton sun ɗauki wata na'ura mai suna Autolycus, wadda ke sunsuno hayaƙin dizal na jirage masu nutso. Rashawa kuma tun cikin shekarun 1960 suka ƙera nakiya mai gudu a ruwa wadda in ta tarar da kumfan bayan jirgin da ke sama sai ta yi ta keta shi hagu da dama, tana matsowa, har ta cim ma farfelarsa.

Amma babban abin da suka yi shi ne na'urar da suka sa wa suna SOKS, wadda ma'anarta da Rashanci ita ce tsarin gano sawun jirgi. Da suka ga an fi su kunne, sai suka nemi hanci. An fara ɗaura ta a kan wani jirgi mai lamba K-14 a 1969. In an dubi hotunan jiragen Rasha na baya, irin su samfurin da Turawan Yamma ke kira Victor da Akula, za a ga waɗansu 'yan tsinkaye da bututu sun fito a jikin hasumiyar jirgin ko a gabanta. Su ne bakin na'urar. Ruwa yana ratsa su, su kuwa suna auna ɗuminsa, da motsinsa, da yadda haske ke karyewa a cikinsa, da burbushin da ke ciki.

Amfanin wannan dabara shi ne mai farauta ba ya yin ƙara ko kaɗan, kuma shirun wanda ake farauta ba ya cetonsa. Rashawa sun ce a shekarar 1985 jirginsu mai lamba K-147 ya bi wani jirgin Amurka mai ɗauke da makaman nukiliya har kwana 6 da taimakon wannan na'ura. Masana da yawa a Yamma sun daɗe suna ɗaukar zancen SOKS a kan cika baki. Sai ga shi a 2017 hukumar leƙen asirin Amurka, watau CIA, ta saki wani rahotonta na 1972 a kan shirin Rasha na farautar jirage masu nutso, aka ga ashe tun a wancan lokaci ta ɗauki maganar da gaske. A 2019 kuma aka ɗauki hoton wani jirgin Ingila mai suna Talent a Jibralta, ga irin tsinkayen nan a jikinsa, masu lura da al'amuran soja suka ce na bin sawu ne. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Tilas ne mai farauta ya faɗa cikin sawun tukuna, a daidai zurfinsa, kafin ruwa ya shafe shi. Don haka ta fi amfani a bakin tasha ko a mashigi mai ƙunci inda aka san jirgi zai bi.

IDO DAGA SAMA

Burin da ya fi wannan girma shi ne a hango sawun daga sararin samaniya. A watan Yuni na 1978 Amurka ta harba wani tauraron ɗan Adam mai suna Seasat, ɗauke da na'urar rada don nazarin teku. Bai daɗe ba, gama lantarkinsa ya lalace a watan Oktoba na shekarar. Amma hotunan da ya aiko sun girgiza masana, domin an ga sawun jiragen ruwa ɓaro-ɓaro, an kuma ga alamun igiyoyin nan na cikin teku a fuskar ruwa. Nan take tambaya ta taso: in rada tana ganin wannan, me zai hana ta ganin na jirgi mai nutso? A 1999 rahoton wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, wanda Christopher Cox ya shugabanta, ya ambaci wani shirin haɗin gwiwa na Amurka da Ingila a kan wannan bincike.

Ƙasar Sin ma ba ta zauna ba. A 2018 aka ba da labarin wani shiri nata mai suna Guanlan, a wata cibiyar nazarin teku da ke birnin Cindao, wanda burinsa shi ne a ƙera tauraro mai harba hasken leza ya leƙa har zurfin mita 500. Wannan buri ne aka faɗa, kuma tsakanin buri da aiki akwai tafiya.

DARASI DAGA DABBOBI

Abin da injiniyoyi ke fama da shi, Allah ya riga ya hore wa dabbobin ruwa. Mai sayen kifi in ya duba da kyau zai ga wani siririn layi a gefensa daga kai zuwa wutsiya. Da shi kifi ke jin motsin ruwa. A 2001 waɗansu masana a Jamus suka nuna cewa wata irin ƙatuwar tarwaɗa ta Turai tana bin sawun ƙaramin kifi cikin baƙin duhu, tana karkata duk inda ya karkata, har ta cafke shi.

A wannan shekara dai wani masani mai suna Guido Dehnhardt da abokan aikinsa suka yi gwaji da wata dabbar tekun ƙasashen sanyi da ake kira sil. Jikinta kamar na ayu, kanta kamar na kare, ga gashin baki zara-zara irin na kyanwa. Suka rufe mata ido da kunne, suka saki wani ɗan ƙaramin jirgi mai nutso cikin ruwa, bayan ya wuce suka sake ta. Sai ta bi hanyarsa daidai wa daida. Da suka rufe mata gashin baki da safa kuwa sai ta kasa. Wani gwajin na 2010 ya nuna tana iya gane inda abu ya nufa ko da ya yi daƙiƙa 35 da wucewa.

Asirin yana ga siffar gashin. Yana da tudu da kwari a jikinsa, don haka in dabbar tana iyo ba ya karkarwa da kansa, sai in ya shiga ruwan da wani abu ya dama. A 2015 injiniyoyi biyu na babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, Heather Beem da Michael Triantafyllou, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da gashin roba mai irin wannan siffa, suka tabbatar da haka. Fatan da ake yi shi ne a ɗaura irinsa a kan ƙananan jirage marasa matuƙi masu araha, a watsa su da yawa su yi ta sunsuno teku.

INA RUWAN AFIRKA TA YAMMA?

Rundunar mayaƙan ruwan Nijeriya ba ta da jirgi mai nutso. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke aiki da su. Amma gaɓar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗarsu. A watan Mayu na 1941 wani jirgin Jamus mai lamba U-69 ya lallaɓo ya dasa nakiyoyi a bakin tashar Takoradi da ta Ikko, ya fice ba a kama shi ba. Ran 4 ga Yuni wani jirgin yashe rairayi mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya ya nutse a mashigin tashar Ikko.

A zamanin yanzu kuma masu fataucin hodar Iblis sun shiga sana'ar. A watan Nuwamba na 2019 hukumomin Sifen suka kama wani jirgi ƙirar hannu mai tafiya dab da fuskar ruwa, wanda ya ƙetaro Atlantika daga Kudancin Amurka da kimanin tan 3 na hodar. Irin waɗannan jirage da ƙyar rada ke ganin jikinsu, sau da yawa farin sawunsu ne ke tona su ga jirgin sama. Afirka ta Yamma kuwa ta daɗe tana kan hanyar wannan fatauci zuwa Turai.

IN TEKU YA ZAMA MADUBI

To shin ranar tonon asirin jirage masu nutso ta zo ke nan? Masana sun rabu. Masu cewa da saura suna nuna girman teku: ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, matsakaicin zurfinsa kuma kamar mita 3,700. Iska da guguwa da kifaye da dubban jiragen kasuwa kullum suna dama shi, sawun jirgi ɗaya a ciki kamar allura ce a rairayi. Jirgin Ajantina mai suna San Juan ya nutse da mutum 44 a Nuwamba 2017, ƙasashe da yawa suka taru suna nema, amma sai da aka shekara cur kafin a gan shi a zurfin kamar mita 900. Shi kuwa ba ɓuya yake yi ba.

Masu cewa an kusa kuma suna nuna yawan taurarin ɗan Adam, da arahar jirage marasa matuƙi, da kwamfutocin da ke iya tsamo 'yar alama daga cikin tarin hayaniya. A 2020 wani rahoto na Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ya ce akwai yiwuwa ƙwarai nan da shekarun 2050 teku ya daina ɓoye jirage. Maganar ta yi nauyi a can, gama a 2021 ƙasar ta ƙulla yarjejeniyar AUKUS da Amurka da Ingila don samun jirage masu nutso na nukiliya, a 2023 kuma aka ce kuɗin zai iya kaiwa dalar Ostareliya biliyan 368.

Wani zai ce ai gano maɓoyar makamai alheri ne. Tarihi ya nuna abin ba sauƙi haka. Ran 27 ga Oktoba, 1962, lokacin rikicin Kuba, jiragen yaƙin Amurka suka gano wani jirgin Rasha mai lamba B-59 suka ritsa shi, suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya taso. Ba su san yana ɗauke da nakiya mai kan nukiliya ba. Bisa labarin da aka bayyana a 2002, kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya riga ya ɓarke, ya yi niyyar harbawa, sai wani babban hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi yarda, jirgin ya taso sama salin alin.

Shugaban da ya tabbata jiragensa suna ɓoye yana da sararin ya jira, ya bincika, ya buga waya kafin ya ba da umarni. Wanda kuwa ya san ana bin sawun jiragensa ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa za ta riƙa raya masa ya harba tun ba a nutsar da su ba. Shi ma mai bin sawun yana iya ruɗuwa ya zaci zai gama da abokin gaba da bugu ɗaya. Hayaƙin irin wannan yaƙi ba ya neman fasfo, zai shafi damina da farashin hatsi har a ƙasashen da ba su san hawa ba balle sauka. Don haka duk ranar da aka ji wata ƙasa ta ce ta gano hanyar ganin gindin teku, labari ne da ya kamata ɗan kasuwa a Sabo da ma'aikacin tasha a Apapa su kasa masa kunne.